Yadda Ake Ƙetare Mashigin Tishka, Ƙofar Marrakish Zuwa Sahara

Mutanenmu da yawa suna zuwa Maroko, wasu don ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, wasu don karatu, wasu kuma don fatauci, amma ƙalilan ne daga cikinsu suke wuce Marrakish su nufi kudu. Layin dogo ma a Marrakish ya ƙare, domin daga nan sai tsaunukan Atlas, waɗanda suka gitta wa ƙasar kamar ganuwa, kuma duk wanda ya hau soro a birnin da safiyar hunturu zai hango kawunansu fari fat da dusar ƙanƙara. Babbar ƙofar da mota take bi ta ƙetare wannan ganuwa ita ce Tizi n'Tichka, wato mashigin Tishka, a kan titin da ake kira N9, wanda ya haɗa Marrakish da Warzazat, garin da allunan hanya suke rubutawa Ouarzazate. Tsawon tafiyar kusan kilomita 200 ne, mota kan cinye kimanin awa huɗu, kuma allon da aka kafa a ƙoli ya nuna tsayin mita 2,260 daga gaɓar teku. Abin da nake so in nuna shi ne yadda mutum zai bi wannan hanya cikin aminci, kuma idonsa a buɗe, domin wanda ya rufe labulen mota ya yi barci ya wuce ta kan tarihin da ya shafi har ƙasashenmu bai sani ba.

Fara da auna tsayin da abin da ka riga ka sani. Marrakish tana zaune a kan tsayin da bai kai mita 500 ba, kusan daidai da Kano. Warzazat tana kan mita dubu ɗaya da ɗari da ɗoriya, kusa da tsayin Jos. Mashigin kansa kuwa kaɗan ya rage ya kamo Cappal Waddi, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419. A cikin 'yan awoyi ke nan mota za ta ɗaga ka sama da kimanin mita 1,800, kuma da yake zafin iska yana raguwa da wajen maki shida da rabi a ma'aunin Selsiyos a kowace mita dubu, za ka tarar da ƙolin ya fi Marrakish sanyi da maki goma sha ɗaya ko sha biyu, ban da iskar da take busawa a can ba hutu. Saboda haka kada rigar sanyi ta kasance a ƙasan akwati a bayan mota. Ka riƙe ta a hannu tare da hula mai rufe kunne da safa, ko da kuwa gumi kake yi lokacin da kuka tashi.

Lokacin tafiya shi ne abu na biyu. Daga Nuwamba zuwa Maris dusar ƙanƙara tana iya sauka a mashigin, kuma idan ta yi yawa jandarmomi sukan sauke shingen ƙarfe su tsare motoci a gindin dutse har sai motocin share hanya sun gama aikinsu, wani lokaci awoyi, wani lokaci har a kwana. Wanda zai bi a wannan tsakani ya tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki da safiyar ranar, kuma kada ya ƙulla wannan tafiya da jirgin da zai hau a daren. A ganina Afrilu da Mayu sun fi kowane lokaci daɗi, domin kwaruruka sun yi kore kuma akwai sauran fari a kan tsaunuka, sai kuma Satumba da Oktoba. A ƙarshen lokacin zafin ƙasar, wajen Agusta, akan sami hadari mai tsawa wanda yake cika busassun koramu cikin ƙanƙanin lokaci, ya kuma gangaro da duwatsu kan titi. Ko wane wata ne, ka tashi da sassafe, ka ƙetare da rana tsaka, ka sauka kafin almuru. Ban ga dalilin da zai sa baƙo ya bi Tishka da dare ba.

Game da abin hawa, akwai manyan motocin CTM da na Supratours waɗanda suke da lokacin tashi tsayayye, akwai kuma manyan tasi da suke tashi idan sun cika. Motar kamfani ta fi arha da kwanciyar hankali, sai dai tana tsayawa inda ta ga dama ne kawai, kuma ba za ta bi da kai tsohuwar hanyar ayari da zan yi bayaninta ba. Idan kun kai mutum uku ko huɗu, ku ɗauki shatar tasi ko ku yi hayar mota da direbanta, ku kuma yi ciniki tun a tasha cewa za ku tsaya a ƙoli sannan ku sauka ta Talwat, garin da ke kan waccan tsohuwar hanya. Wanda jiri yake ɗiba a mota ya nemi kujerar gaba, ya rage ci kafin tashi, ya riƙe lemun tsami ko citta, ya ajiye waya ya riƙa duban nesa. Idan kunne ya toshe a wajen hawa, haɗiyar yawu tana buɗe shi. Ga mai lafiya tsayin Tishka ba ya wuce ya sa shi haki idan ya yi sauri, amma iskar can ta fi ta bakin teku sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa suna daga cikin abubuwan da suke tayar da ciwon sikila. Mai wannan larura, da mai ciwon zuciya ko na huhu, ya shawarci likitansa tun a gida, ya sha ruwa sosai, kuma kada ya daɗe a ƙoli.

Wanda zai tuƙa da kansa ba zai sha wahalar hannu ba, domin ta dama ake tuƙi kamar a Nijeriya da Nijar, kuma a shekarun baya an faɗaɗa titin, an miƙar da wasu kwanoni, an ƙara layin hawa a wasu wurare. Amma dutse yana nan a matsayin dutse. Kafin tashi a duba birki da taya da ruwan lagireto, a cika tanki. A wajen hawa injin zai yi nauyi saboda ƙarancin iska, don haka a sauko da giya maimakon a yi ta taka totur, a kuma sa ido ga allurar zafi. Haɗarin da ya fi girma a gangara yake. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano zuwa Zariya yakan ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, birkin ya yi zafi, ya fara wari, daga nan ya daina kamawa daidai lokacin da ake tsananin buƙatarsa. Ƙa'idar ita ce ka sauka da giyar da ka hau da ita, ka bar injin ya riƙe motar, ka riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan kafin ka shiga kwana. Kada ka wuce babbar mota a inda ba ka ganin abin da ke gaba, komai daɗewar da ka yi a bayanta.

Daga Marrakish hanya tana ratsa filin Hauz, tsakanin gonakin zaitun, har ta wuce kusa da Ait Urir, sannan ƙasa ta fara tashi. Abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne jan ƙasa, ja jawur kamar an barbaɗa jan-kanwa, da gidajen ƙauyuka da aka gina da ita, har wani lokaci sai ka matso kafin ka rarrabe gida da dutsen da ya jingina da shi. Wannan jan dutse da laka sun taru ne fiye da shekara miliyan 200 da suka shige, a lokacin da wurin yake wani dogon kwari da ƙasa ta tsage, ruwan gishiri yana shiga yana ƙafewa. Daga baya, da nahiyar Afirka ta riƙa matsawa tana tunkuɗar ta Turai, sai abin da yake kwari ya tattaro ya taso sama ya zama tsauni, har ƙololuwarsa, dutsen Tubkal, ta kai mita 4,167. Wannan matsi bai ƙare ba. Shi ne ya haddasa girgizar ƙasar daren 8 ga Satumba 2023, mai ƙarfin 6.8, wadda ta tashi daga cikin waɗannan tsaunuka kudu maso yamma da Marrakish ta hallaka kusan mutum 3,000, mafi yawansu mazauna ƙauyukan kan dutse. Idan ka ga sabon ginin siminti a gefen rusasshen gidan ƙasa, ka yi wa mutanen addu'a, kuma kada ka ɗaga kyamara a kan bala'in wani ba tare da izininsa ba.

Ka lura da itatuwa, domin su ne suke ba da labarin ruwa. Fuskar tsaunin da take duban arewa ita take tare iskar da ta kwaso danshi daga Tekun Atlantika. Iskar tana hawa tana yin sanyi, sai ta zubar da abin da ta ɗauko, ruwa a ƙasa, dusar ƙanƙara a sama. Shi ya sa a wannan ɓangare za ka ga daji, da gonakin sha'ir hawa-hawa kamar matakala, waɗanda aka tokare da duwatsu aka kuma ja musu ruwa ta siraran magudanai daga korama. Mutanen da suka yi wannan aiki Amazigawa ne masu magana da Tashalhit, harshen da yake ɗan'uwan na Buzaye, kuma mutumin Agadas zai ga wasu haruffan Tifinag da ya sani a allunan hanya, kusa da Larabci da Faransanci. Kalmar tizi a harshensu tana nufin mashigin dutse, don haka za ka yi ta cin karo da ita a taswirar yankin.

A Taddart, ƙauyen da yake gindin babban hawa, motoci sukan tsaya a ci abinci. Za ka ga tukwanen ƙasa masu murfi kamar malafa jere a kan murhun gawayi a bakin titi, ana kiransu tajin, kuma mai abincin yakan ɗaga murfin ɗaya bayan ɗaya, tururi ya tashi, ka zaɓi wadda ta yi maka, ka ci da gurasa, ka bi da shayi mai na'a-na'a. Ka yi alwala a nan, domin ruwan sama da nan yana yanka hannu. Mutanen ƙasar Malikawa ne irinmu, da ruwayar Warshu suke karatu, kuma tafiyar ta zarce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba. Daga Taddart hanya tana naɗewa a jikin dutse kamar rawani, kwana bisa kwana, itatuwa suna raguwa har su ƙare, sai baƙin dutse da guntuwar ciyawa da garken awaki da tumaki.

A ƙoli ka sauka daga mota, ko da na minti goma ne. Masu kanti za su taso maka da duwatsu masu ƙyalli da aka fasa biyu. Akwai na gaske a cikinsu, amma waɗanda launinsu ya yi tsananin ja ko shuɗi yawanci rini ne, kuma idan ka shafa da jiƙaƙƙen yatsa sau da yawa launin yakan biyo hannu. Ka yi ciniki da mutunci, domin mutane ne masu neman halaliyarsu a wurin da noma ba ya yiwuwa. Sannan ka ɗan matsa gefe ka dubi ɓangarorin biyu. Ruwan da ya zuba a arewacin inda kake tsaye yana gangarawa zuwa kogin Tansift, ya wuce ta gefen Marrakish ya faɗa teku. Wanda ya zuba a kudu kuwa yana bin koramu zuwa madatsar ruwa ta Warzazat, daga nan ya shiga kogin Dar'a, mafi tsawo a Maroko, wanda yake shayar da gonakin dabino sannan yawanci ya nutse cikin yashi tun kafin ya ga teku. Iskar da ta ƙetaro ta riga ta sauke kayanta, shi ya sa kudu take tsirara, launin toka da ja, sararin sama kuma garau.

Yanzu ga shawarar da na fi ba wa muhimmanci. 'Yan kilomitoci bayan ƙoli akwai wata ƙaramar hanya da ta ratse hagu zuwa Talwat, wadda allo yake rubutawa Telouet, tafiyar kimanin kilomita 20. Ka bi ta. Titin Tishka sabo ne a ma'aunin tarihi, domin sojojin Faransa ne suka fasa shi tsakanin ƙarshen shekarun 1920 da tsakiyar shekarun 1930, don manyan motocinsu su isa barikin da suka kafa a Warzazat a 1928. Kafin nan, ayarin da ya taso daga Dar'a ko Tafilalt, yankin dabino a kudu maso gabashin ƙasar, yakan hauro ne ta kwarin Unila, ya yada zango a Talwat, sannan ya ƙetare ta mashigin da ke bayan garin ya gangara Marrakish. Raƙumi dabbar yashi ce, kan dutse mai sanyi kuwa alfadari da jaki ne gwanaye. A kan wannan hanya, kusa da Talwat, akwai ramukan gishiri, ragowar wancan tsohon ruwan da ya ƙafe, kuma duk Bahaushen da ya san darajar kantun Bilma ba ya buƙatar a gaya masa abin da gishiri yake jawo wa gari.

Wanda ya riƙe irin wannan ƙofa shi yake karɓar kuɗin hanya, kuma gidan da ya riƙe ta shi ne gidan Gilawi. A ƙarshen 1893 Sarki Hasan na Ɗaya yana komowa daga Tafilalt da rundunarsa, sai sanyi da dusar ƙanƙara suka rutsa da su a cikin tsaunuka, guzuri ya ƙare. Madani Gilawi, shugaban Talwat, ya tarbe su ya ciyar da su, sarkin kuma ya saka masa da sarautar wakilcinsa a yankin, ya bar masa makamai har da igwa ƙirar Krupp. A ƙasar da kowane shugaba yake faƙewa a bayan katangar laka, igwa ɗaya ta isa ta sauya komai, kuma da ita Gilawa suka rinjayi maƙwabtansu. Madani ya kai ga zama babban waziri, ƙanensa Tuhami kuma ya riƙe sarautar Pasha, wato gwamnan Marrakish, daga 1912, shekarar da Faransa ta ɗora hannu a kan Maroko, ya zama babban abin dogaronta a kudu. Shi ne ya jagoranci manyan da suka mara wa Faransawa baya wajen tuɓe Sarki Muhammadu na Biyar a Agusta 1953. Jama'a ba su yarda ba, aka dawo da sarkin a Nuwamba 1955, Tuhami ya durƙusa gabansa ya nemi afuwa, ya rasu a Janairu 1956, 'yan makonni kafin ƙasar ta sami 'yancin kai.

Idan ka isa fadarsu a Talwat, ka nemi ɗan jagora daga mutanen garin, ka kuma tambaya wane ɓangare ne aka yarda a shiga, domin ginin ƙasa ne da aka daɗe da barinsa. Daga waje katangu ne da suke narkewa suna komawa ƙasar da aka ɗebo su. A ciki kuwa akwai ɗakunan baƙi da suka tsira, bangonsu lulluɓe da ƙananan fale-falen tangaran masu launi da aka yanka aka jera da hannu, sama da su sassaƙen farar ƙasa mai laushi kamar aikin allura a wuyan babbar riga, rufin kuma katako ne mai zane. Ta wata taga mai ƙarfen ado za ka hango kwarin da ayari yake bi. A nan ne mutum yake gane abin da titin mota ya yi wa garin. Tun Gilawa suna kan ganiyarsu aka karkatar da zirga-zirga zuwa Tishka, da mulkinsu ya faɗi kuma sai Talwat ta koma ƙauye a gefen hanya.

Daga Talwat kada ka koma baya. Ka bi kwarin Unila ka gangara kudu, hanyar tana da kwalta amma siririya ce, don haka a tafi a hankali, kuma a fasa idan an yi ruwa mai yawa. Za ka wuce Anmitar da Tamdakt, korama tana tafe a ƙasa da ɗan zaren kore a gefenta tsakanin jajayen duwatsu, har ka iso Ait Bin Haddu, garin laka mai hasumiyoyi da ya hau jikin tudu, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1987. Wanda ya tashi a cikin tsohon birnin Kano ko Zinder zai ji kamar ya san wurin, da kaurin bangon da yake hana zafi shiga, da lungunan da ba sa ɗaukar mota, da yaɓen da dole a sabunta bayan ruwa. Ka hau har rumbun da ke kan tudun, inda mutanen garin suke adana hatsinsu a da, ka dubi yadda wurin yake tsare bakin kwarin. Daga nan zuwa Warzazat kimanin kilomita 30 ne.

Madatsar ruwan da ke gabashin Warzazat tana ɗauke da sunan Mansur Zahabi, wato Sarki Ahmad al-Mansur, kuma sunan ya kamata ya tsayar da mai karatu daga ƙasashenmu. Shi ne ya tura rundunar Judar Pasha daga Marrakish a ƙarshen 1590, ta ƙetare Atlas, ta bi ta Dar'a ta ratsa Sahara da bindigogi, ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Bayan haka aka kamo malaman Tumbuktu, cikinsu har da Shehu Ahmad Baba, aka kai su Marrakish a 1594, inda ya zauna yana karantarwa, bai koma gida ba sai 1608. Zinariya da littattafai da bayi da malamai duk sun ƙetare wannan sarƙar tsaunuka a ƙafa da bayan dabba, kafin a san za a yi mata kwalta.

Idan kana da sauran kwana ɗaya, ka kwana a Warzazat ka ga gidan Gilawa na Taurirt, washegari ka ci gaba da bin N9 ta Agdaz, ka gangara cikin dabinon Dar'a har Zagora, tafiyar kimanin kilomita 160. A can akwai wani allo mai zanen raƙuma da kibiya tana nuna kudu, an rubuta a jikinsa cewa daga nan zuwa Tumbuktu kwana 52 ne.